Turken Ragon Alhaji

Tun ranar da Uwani ta bugo waya, Mahadi bai sake zama wuri ɗaya na minti goma ba. Uwani maƙwabciyar mahaifiyarsa ce a ƙauyensu, can bayan Kucheri. Ita ke dafa wa tsohuwar abinci, ita ke juya ta a shimfiɗa, tun da ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya goce. To yanzu Uwani da mijinta za su bi sahun mutane su koma Tsafe, don zaman ƙauyen ya ƙi daɗi, gidajen da ake hura wuta a cikinsu ba su kai goma ba. Ta ce ranar Lahadi za su tashi. Ta kuma ce an yi yayyafi a gabas.

Yayyafin nan shi ya fi ɗaga masa hankali. Tsakanin Kucheri da ƙauyen akwai wani rafi mai faɗin yashi. Da rani ko ɗan akuya ƙetare shi yake yi yana tsalle, amma ranar da ruwan farko ya gangaro daga tudu, mota ta gama ƙetarawa ke nan sai bayan kaka. Inna ba ta iya zama a kan babur. Masu amalanke sun tafi da shanunsu tuntuni. Direbobin haya uku ya tuntuɓa a tashar Gusau, kowanne da ya ji sunan ƙauyen sai ya tuna yana da wani uzuri. Mahadi kuwa shi ne auta, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage wa Inna.

Saboda haka ya yanke shawarar sayen mota, shi da yake malamin makaranta ne, wanda abin da ya sani game da mota bai wuce tuƙa ta ba. Ƙarfinsa bai kai na manyan motocin daji ba. Matarsa Sumayya ce ta tuna masa da 'yar tsohuwar jif ɗin mahaifinta, Alhaji Yahaya na Bungudu, wadda ta shekara biyu a ƙarƙashin rumfa ba mai hawa. Aka yi magana ta waya. Alhaji ya ce ya zo ranar Asabar ya ɗauka, ya kuma faɗi wani farashi da ya fi kama da kyauta.

Ranar Juma'a da hantsi Mahadi ya tafi garejin Amos. Amos bakanike ne ɗan Filato, ya fi shekara ashirin a Gusau, kuma idan ana maganar tsofaffin motoci bakinsa ba ya gajiya. Yana jin irin motar ya ajiye sifana ya goge hannu.

"Na san su. Silinda huɗu, giya biyar, ba nauyi ko kaɗan, mutum huɗu za su iya ɗaga bayanta. Jaki ne da taya, Malam. Amma tsohuwa ce, sai ka buɗe ido. Kada ka yarda a tayar maka da ita kafin ka iso, ka taɓa injin ka ji shi da sanyi. In ta tashi, ka zaga baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi, tana shan baƙin mai ke nan. Ka buɗe murfin mai, in ka ga abu fari kamar kindirmo, ka yi sallama ka tafi gida."

Mahadi yana rubutawa a bayan takardar jarrabawa.

"Duk wannan ƙarami ne," in ji Amos. "Kai yashi za ka shiga. Kusa da sandan giya akwai wani ƙaramin sanda, shi ke haɗa tayoyin gaba da na baya su ja tare. A tsakiyar kowace tayar gaba kuma akwai makulli, sai ka murɗa da hannu. Amma ka ji ni da kyau. Sandan zai iya shiga, makulli ya murɗu, alhali babu komai. Akwai farfela, wani ƙarfe ne kamar tsawon hannunka, shi ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksul na gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba. Rabin motocin nan da ke yawo a gari an cire musu shi. In ya fara ƙara, ko mai mota ya yi kukan shan fetur, sai wani abokin aikinmu ya kwance noti takwas ya jefar. A kan kwalta ba za ka taɓa sani ba. Dole ka kwanta a ƙasa ka shiga ƙarƙashinta ka gani da idonka. Farfela biyu, ɗaya ta yi baya, ɗaya ta yi gaba. Tun da kana ciki kuma ka ƙwanƙwasa shasi, ƙarfen da motar ke zaune a kai, ka ji ko tsatsa ta cinye. Kai, bari in bi ka goben kawai."

Mahadi ya ɗago a firgice kamar an ce za a tafi da ɗan sanda.

"Ka bi ni ina? Gidan surukina?"

"To mene ne? Mota zan duba, ba surukinka ba."

"Amos, ba ka gane ba. In shiga gidan Baba da bakanike a bayana? Ai na kira shi macuci ke nan a gaban iyalinsa."

Amos ya girgiza kai ya ɗauki sifanarsa. "To ka shiga ƙarƙashin da kanka. Minti ɗaya ne."

Ranar Asabar Mahadi ya sa farar shadda mai sitati, babbar riga da 'yar ciki, don ba a zuwa gidan suruki da kayan aiki. Kowa ya gan shi a motar Bungudu ya san wannan mutumin ba shi da niyyar kwanciya a ƙasa, shi kaɗai ne bai sani ba tukuna.

Ya cire takalmi tun daga zaure. Ya durƙusa nesa da tabarmar Alhaji, ya sunkuyar da kai, aka yi gaisuwa mai tsawo: gida, aiki, yara, jikin Inna, zafi, sannan aka sake komowa kan gida. Shekara goma sha ɗaya da aurensa, bai taɓa kallon Alhaji Yahaya ido cikin ido ba. Don haka abin da ya fi sani a gidan nan shi ne ƙasa. Ya san tsagar simintin bakin ƙofa, ya san butar alwala mai murfin gwangwani. Yau ma idonsa ya sauka a kan wani ƙaton rago da ake kiwo a gefen tsakar gida, ɗaure a wani turken ƙarfe mai tsatsa. Kan turken faifai ne mai huji huɗu, an zura igiya a ɗaya, kuma duk lokacin da ragon ya ja sai kan ya lanƙwasa ya bi shi kamar wuyan hannu. Mahadi ya yaba dabarar a ransa, ya mayar da hankali kan gaisuwa.

Motar tana ƙarƙashin rumfa, an wanke ta tas, kuma tana ta diri, don Alhaji ya sa an tayar da ita tun da safe saboda kada baƙo ya sha wahala. Gargaɗin Amos na farko ya tafi ke nan.

"Ga ta nan, Malam Mahadi," in ji Alhaji. "Tun da ido ya fara ba ni matsala na aje ta. Duba ta da kyau. Buɗe ko'ina, shiga ƙarƙashi in kana so. Ciniki ciniki na, ko tsakanin ɗa da uba."

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Mahadi ya kalli ƙasan rumfar, ya kalli inuwar da ke ƙarƙashin motar. Takardar Amos tana aljihunsa, yana jin ta kamar garwashi. Ya ga kansa kwance a gaban Baba, ƙafafu a waje, surukarsa tana leƙowa daga ɗaki tana ganin mijin 'yarta yana binciken mijinta. Gumi ya karyo masa.

"Haba Baba, wane ni. Abin da ya hito daga hannunka ai ba ya son dubawa."

"Ka dai duba."

"Wallahi Baba ta yi."

Alhaji ya yi murmushi, ya ji daɗi, ya ce Allah ya sa albarka. Aka shafa fatiha, aka miƙa makulli da takardu. A gaskiya ba a cuci Mahadi ba. Shi ya cuci kansa, cikin ladabi da biyayya.

A hanyar komawa Gusau motar ta yi tafiya lafiya lau, sai ɗan kaɗawar sitiyari in ta wuce saba'in. Ya yi niyyar in ya isa gida ya shimfiɗa buhu ya leƙa. Yana tsayawa Sumayya ta fito da gudu, ta dafa motar tana dariya har da ƙwalla. A cikinta Baba ya kai ta makarantar kwana, ga ma inda ƙanenta ya karce da ƙusa. Ta tsaya nan tana ba yara labari har aka kira magariba. Yaya mutum zai shimfiɗa buhu a gaban 'yar mai mota? Ya ce gobe da safe.

Da safe kuwa hadari ne ya tare kudu maso gabas, baƙi ƙirin, daidai inda zai nufa. Ya bi ta garejin Amos ya tarar da shi a rufe, Lahadi ce. Ya kira shi.

"Ina coci, Malam, sai sha biyu. Ka jira ni."

"Ba ni iya jira. Ka ga sama kuwa? Kuma hanyar nan ba a bin ta bayan la'asar."

"Ka shiga ƙarƙashin?"

"Na duba," in ji Mahadi, ya kashe wayar da sauri.

Ƙaryar ta yi ta damunsa har Tsafe. Bayan Kucheri, inda kwalta ta ƙare, ya tsaya ya sauka ya murɗa makullan tayoyin gaba, duka biyun suka murɗu. Ya ja ƙaramin sandan, ya shiga ƙaras. Da ya saki kuloci sai motar ta canja murya, ta yi gurnani, ta riƙa tafiya a hankali da ƙarfi kamar sa mai huɗa. Mahadi ya yi ajiyar zuciya. Wannan ai shaida ce. Ba kowa a wurin, ba suruki ba matar aure, ƙasa a bushe, minti ɗaya ya ishe shi. Amma an yi tsawa a nesa, kuma mutumin da ke tsoron amsa ba ya son yin tambaya. Ya taka mai.

Ya gangara doguwar gaɓar rafin ta ɓangaren Kucheri, ya keta yashin a guje, motar ba kaya, ta haye ƙaramar gaɓar can ba gardama. Har ya daki sitiyari yana cewa Allah ya saka wa Baba da alheri.

Ƙauyen ya yi tsit, kaji ma babu. Uwani da mijinta sun ɗaure kayansu a kan babura biyu suna jiransa. Inna tana kwance a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta rame har ya ji kunyar ƙibarsa.

"Auta, ka zo? Wagga 'yar gwangwanin ita za ta kai ni birni?"

"Ita ta, Inna. Mu yi sauri."

Sauri da Inna ba sa haɗuwa. Sai da aka ɗora buhun gero biyu, da turminta, da tukunyar ƙarfe, da wani koren akwati da ta ce ko za a bar ta a nan ba za a bar shi ba, don likkafaninta yana ciki, wanda yayanta ya kawo mata daga Makka. Aka kwantar da kujerar gaba, aka jera matasai, aka ɗauko ta su uku tana cije leɓe. Uwani da mijinta suka ce bari su yi gaba kafin ruwa, a haɗu a Tsafe. Kafin Mahadi ya gama ɗaure turmi ƙarar baburansu ta ɓace.

Iska ta fara kaɗawa mai sanyi da ƙamshin ƙasa. Ya tuƙa a hankali saboda ƙugun Inna, kowane rami sai ta ambaci Allah. Haka ya shiga rafin, a hankali, da kaya fal. Suka wuce tsakiya. Suna isa gindin doguwar gaɓar, inda yashi ya fi laushi, motar ta tsaya. Ya ƙara mai. Bayanta ya yi rawa ya zauna. Ya sa ribas, ta ƙara zama.

Ya fito. Tayoyin baya sun haƙa rami sun nutse har rabi, sun watsa yashi ko'ina. Tayoyin gaba kuwa suna zaune a kan yashi tsaf, ko juyi ɗaya ba su yi ba.

A nan ne Mahadi ya kwanta. Ba buhu, ba tabarma, ya kwanta rubda ciki a yashi ya tura kai ƙarƙashin motar. Ga farfela ɗaya ta yi baya. Ta gaba kuwa babu. Sai wani faifan ƙarfe a jikin giya mai huji huɗu, wani irinsa a jikin aksul, tsakaninsu fili kamar tsawon hannu, har gizo-gizo ya yi saƙa. Ya ƙura wa hujin nan huɗu ido. Ya san su. Jiya ya yi rabin sa'a yana kallon 'yan'uwansu, da igiyar rago a ciki.

Wani abu ya taso masa, shi ba dariya ba shi ba kuka ba. Ya fito ya zaro waya, babu sabis a cikin kwarin. Ya sauke gero, ya sauke turmi, ya tona yashi da hannu, ya karyo rassan geza ya cusa a ƙarƙashin tayoyin. Ya tayar, ta tofar da rassan ta ƙara nutsewa. Ya sake tonawa har farcensa ya fashe. Ɗigon ruwa ya fara sauka ɗaya-ɗaya, manya.

"Auta," in ji Inna daga cikin mota. "Tsaya. Saurara."

Ya tsaya. Daga sama can, inda rafin ya karya kwana, wata ƙara ce ke tahowa kamar ana zazzage buhunan hatsi. Wanda duk ya tashi a bakin rafin nan ya san ta. An yi ruwa a tudu.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya fizge ƙofar, ya zura hannu ɗaya a bayanta ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗauke ta. Ta yi ƙara sau ɗaya, sannan ta sarƙe hannuwanta a wuyansa ta yi shiru. Ba ta da nauyi, wannan ma ya ƙona masa rai. Gaɓar tana da tsayi, ƙasar ta fara santsi. Ya taka, ya zame, ya faɗi a kan gwiwa bai sake ta ba. Sai ya hau da gwiwoyin, yana ja yana haki, ƙaya tana yaga shi, numfashinta yana dukan kunnensa tana ta salati. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ya dai ga saiwar wata tsamiya a gabansa, ya gane sun hau.

Ya cire rigarsa ya shimfiɗa, ya kwantar da ita a gindin tsamiyar. Ya juya zai koma.

"Ina za ka?"

"Akwatinki, Inna."

Ta cafke wuyan hannunsa da ƙarfin da bai san tana da shi ba. A daidai lokacin ruwan ya karyo kwana, ja jawur, yana tura kumfa da karare a gabansa. Ya shafe sawun gwiwoyinsa na ƙasa, ya kwashe turmi ya tafi da shi yana juyi, ya kewaye motar har ya kai ƙofa.

"Bar shi," in ji Inna. "Ga alama ba yau ba ta."

Ya zauna daɓas a cikin laka. Wayarsa ta yi ƙara, don a kan tudun akwai sabis. Ya duba: Baba Bungudu. Kafin ya san abin da yake yi har ya tashi ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, a daji, ba mai ganinsa sai uwarsa.

"Malam Mahadi, kun isa? Ya motar, lahiya dai ko?"

Amsar tana bakinsa a shirye, wadda ya saba bayarwa shekara goma sha ɗaya: lahiya lau, Baba. Har ya buɗe baki. Sai ya kalli Inna, kwance a kan rigarsa, ruwa yana ɗiga a fuskarta, leɓenta ya fashe inda ta cije shi. Idonta yana kansa.

"Baba, Inna ta tsira, muna bakin rahi. Mota tana cikin ruwa. Ba ta ja da gaba. Ƙarhen da anka ɗaure rago da shi a tsakar gida, nata na."

Mahadi ya ƙara manna wayar a kunne.

"Inna lillahi," in ji Alhaji a hankali. "Wani yaro ya cire shi da daɗewa, yac ce ba ya da amfani. Wallahi ban sani ba. Malam Mahadi, ai na ce ka duba."

"Ka ce, Baba. Har sau biyu."

Ya ji Alhaji ya kawar da wayar yana ƙwala kira a zo a kwance ragon nan, a nemo mota, a nemo mutane a Tsafe yanzu-yanzu. Mahadi ya ajiye wayar a kan saiwa. Ya matsa ya kare Inna daga ruwan da bayansa, ya kama ƙafafunta masu sanyi yana murzawa. Sai a lokacin kukan ya zo masa, ya yi shi sosai, bai ɓoye fuska ba.

Inna ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta ɗora hannu a kansa.

"Da ka kashe ni da ladabi, Auta," ta ce. "Ja mini rigar ga, ina jin sanyi."